Hajjo Mai Kwamfuta da Shafukan Godiya

Duk wanda ya sauka a tashar Jabi ta Abuja da takardunsa cikin leda, a shekarun nan da aka koma mulkin farar hula, da wuya a ce bai san Hajjo mai kwamfuta ba. Shagonta na bayan tasha, tsakanin mai shayi da mai facin taya. Aure ne ya kawo ta daga Funtuwa. Da keken rubutu ta fara, da kwamfuta ta shigo ta koma kanta. Garin kuwa a lokacin kumbura yake ta yi, kowa da kamfaninsa a aljihu, kowa so yake a buga masa takardar neman kwangila yanzu-yanzu. Hajjo ba ta gajiya da aiki, mutane ne dai suke gajiyar da ita.

Babban mai gajiyar da ita kuma a gida yake. Mijinta, Malam Lukmanu, masinja ne a wata ma'aikatar tarayya. Mutumin kirki ne, wallahi, amma in ya kafe a kan abu gara ka je ka lallashi bango. Shekara huɗu ya yi yana rubuta labarin wani ɗan cirani a bayan tsofaffin takardun ofis. To wa zai buga? Hajjo mana. Rubutun Malam kuwa kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Haka ta zauna tana tsintar kalmomi tsakanin wannan kwastoma da wancan. Sau biyu wuta na ɗaukewa aiki ya tafi, ta sake daga farko. Ita ce ma ta gano cewa direban da ya mutu a babi na huɗu ya dawo yana cin tuwo a babi na tara.

Abin da take so a cikin wannan wahala duka bai taka kara ya karya ba. Ta buga sunayen dubban mutane a shagon nan, ba ta taɓa ganin nata a takarda ba. So take ta buɗe littafin ta ga "Hajjo" a shafin godiya. Amma ta roƙa? Allah ya kiyaye. In sai ta roƙa, ya bar abinsa.

Da labari ya kammala sai Malam ya kawo godiyar. Shafi goma sha ɗaya! Mai shayin da ya ba shi kwali ya kwanta ranar da ya fara zuwa Abuja. Matar da ke ƙara masa kan kifi a kasuwar Kado. Daraktoci uku, masu gadi bakwai, direbobin layin Kurudu kaf, har wani James da ya taɓa ara masa biro. Kowanne ya yi masa alkawari baki da baki cewa sunansa zai fito. Hajjo ta buga tun daga na farko har na ƙarshe tana sa ido, ba ta ci karo da kanta ba.

"Malam," in ji ta, "mutanen gida fa?"

Ya dafe kai. "Kai, Allah ya yi miki albarka!" Nan take ya ƙara ƙaninta Hadi da mai gidan da suke haya.

Ana cikin haka sai wani kamfanin buga littattafai na Zariya ya amsa wasiƙarsu. Editarsu, Malama Nazeefa, ta shigo Abuja taro, ta biyo ta shagon. Ta ce labarin ya yi, za su ɗauka, su gyara, su kai shi kantuna da makarantu, ba sai Malam ya kashe ko sisi ba. Sai dai zai jira shekara ɗaya da rabi. Sa'an nan ta ɗaga shafukan godiyar da yatsu biyu.

"Wannan kuma ba zai shiga ba, Malam. Layi ɗaya muke bayarwa, mutum ɗaya. Ga ma wadda ta buga maka nan zaune."

Hajjo ta sunkuyar da kai ta shiga goge madannan da ba su da ƙura. Malam kuwa dariya ya yi, ya ce zai yi shawara.

Shawarar tasa wurin Oga Thaddeus ya kai ta, mai injin buga takardu a Garki. Shi Thaddeus ba ruwansa. Ka kawo shafi goma sha ɗaya ko ɗari, sati biyu ka zo ka kwashi kayanka, ka san inda za ka sayar.

Sati guda suka yi suna ja-in-ja a motar Kurudu, unguwarsu, safe da yamma. Hajjo ta kawo hujja iri-iri. Wa zai gyara kurakurai? Wa zai kai littafin Kano da Sakkwato? A ƙarƙashin gado za a jibge shi ɓeraye su yi karatu? Duk gaskiya ta faɗa, amma ita ta san ba wannan ne ke cin ta ba. Layin nan ɗaya take hange.

"Maman Kauthar, ba za ki gane ba," in ji shi. "In wuce ta gaban mai shayin nan in ce masa me? In ce wata mata daga Zariya ta goge shi? Mutanen nan sun yi mini rana."

"To, su kaɗai suka yi maka."

"Yawwa, kin gani!"

Ta juya ta kalli taga, don in ta ƙara kalma ɗaya sai 'yan mota sun raba su.

Ya zaɓi Thaddeus. Ya sayar da babur ɗinsa don kuɗin bugu, ya rubuta wa Zariya wasiƙar ban haƙuri, kuma Hajjo ce ta buga ta. Ranar da za a kai aikin, tana ita kaɗai a shago, ta gangara ƙarshen jerin ta rubuta sunanta. Ya yi kyau kuwa. Malam ba zai taɓa lura ba sai an buga. Ta daɗe tana kallonsa, haushi ya turnuƙe ta, ta goge. Ita ta gode wa kanta? Ai wannan ya fi roƙon ma ciwo.

Da yamma Malam ya dawo daga Garki yana murmushi.

"Saura kaɗan in yi abin kunya. Akwai wata baiwar Allah da ta fi kowa cancanta, na bar ta. Da hannu na rubuta wa Thaddeus, na ce ya sa a ƙarshe, layinta daban."

"Wace ce?"

"Za ki gani."

Sati biyun nan Hajjo ba ta yi wa kowa tsawa ba. Har wani ɗan kwangila da ya sa ta sake takarda sau biyar sai da ta yi masa fatan alheri.

Ranar Laraba da hantsi aka sauke kwalaye a ƙofar shagon. Mai shayi ya bar tukunyarsa, direbobi suka taru, kowa na laluben sunansa yana ihu. Malam ya zaro kwafi ɗaya ya miƙa mata da hannu biyu. Ta wuce shafi goma ba ta duba ba, ai ta haddace su. A ƙasan na sha ɗaya, ga layin nan shi kaɗai da manyan baƙaƙe: godiya ta musamman ga Malama Nazeefa ta Zariya.

"Kin ga ita ta fara cewa labarin ya yi," in ji shi. "Kada ta ji haushin mun ƙi su. Duba mini da kyau, ke ce mai ido. Ban manta kowa ba ko?"

Hajjo ta rufe littafin, ta ɗora a kan kwali.

"Ba ka manta kowa ba, Malam."

Ta ja kujerarta ta zauna, ta ce wa mutumin da ke tsaye da leda ya kawo takardunsa.