Hancin Hajo da Irin Albasar Gidanmu

Ranar wata Talata, kwana goma sha biyu bayan ƙaramar Salla, shekarar da nake aji biyar na firamare, iska ta yaye rabin jinkar rudun Babana. Da la'asar ne, ina tsakar gida ina surfen gero, sai hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, hadarin farko na shekara. Kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu, akuyarmu ta fara jan igiya, sannan na ji wani abu ya yi ƙara a bayan gida. Na yar da taɓarya na fita da gudu. Rudu shi ne gadon itace da karan dawa da muke ɗagawa sama da ƙasa, a jibge albasa a kai, a yi masa jinka ta ciyawa. Na tarar da ciyawar tana tashi sama, albasa kuwa ga ta nan a fili, jajaye, suna kallon hadari. Kuma ba albasar miya ba ce.

Uwar iri ce. A garinmu Jiga Makera kowane manomin kirki yana da irinsa, kuma namu daga kakan Babana ya taho. Duk shekara in an cire albasa, Baba yakan tsuguna ya zaɓi masu nauyi, masu siririn wuya da ja mai duhu, ya ware su a ƙaramin rudu. Idan damina ta wuce sai a yanke kawunansu a dasa, su yi fure, su ba da ƙwayar da za a yafa. Sauran albasar an riga an kai kasuwar Jega, kuma a wurin lodin ne buhu ya zame daga kan mota ya karya wa Baba cinya. Aka wuce da shi Aliero gidan mai ɗori, aka ce sai ya yi makonni a kwance. Inna tana ɗaki tana jego, kwananta tara da haihuwa. Ƙannena maza biyu ko wandonsu ba su iya ɗaurawa ba. Ranar da na kai wa Baba fura, ya riƙe hannuna ya ce, “Rabi, ke ab babba. Irin nan na hannunki. Kak ki bari ruwa shi taɓa shi.” Na dawo gida kaina ya kumbura, ina taku ɗai-ɗai, ina ji kamar an naɗa ni sarautar noma.

To ga ruwa yana zuwa, ga maganar Baba tana yi mini amo a kunne. Sai na tuna da wata babbar baƙar leda da ake shimfiɗawa in ana sussuka. Na jawo ta daga zaure, iska tana fizgata ina fizgarta, na lulluɓe rudun tun daga sama har ƙasa. Na bi gefe-gefe na danne da duwatsu da tsohon turmi, ban bar ko ƙofar da ƙuda zai shiga ba. Aka tsuge da ruwa har magariba. Na shigo gida jiƙe sharkaf, haƙorana suna kaɗawa, na ce wa Inna na rufe iri. Ta sa mini albarka daga bakin ƙofa, ba ta tambaye ni da me na rufe ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Aka aika wa Kawu Bawa a Maiyama ya zo ya gyara jinka, ya ce sai ya gama shuka. Washegari gari ya watse, duk namiji mai ƙafa ya tafi gona da sungumi, babu wanda ya leƙa bayan gidanmu.

Rana ta buɗe da zafin nan na bayan ruwan farko, mai sa zufa ko kana inuwa. Ni kuwa kullum da safe sai na je na ƙara dutse. In na dawo daga rijiya na duba, in na yanko wa akuya ciyawa na duba. A rana ta uku na ɗaga gefen ledar kaɗan, wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskata, da wari siriri wanda ban so na gane shi ba. Na ga cikin ledar yana ɗigar ruwa. Na rasa ta inda ruwan ya shiga, tunda ba a sake yin ruwan sama ba. Da yake ni sarkin dabara ce, sai na yanke cewa ban danne da kyau ba, na ƙaro duwatsu.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. A aji malaminmu yana rubuta lissafi a allo, ni ina lissafin albasa nawa suka mutu. Da aka fita tara, ƙawayena suka baje duwatsun carafke a gindin dogonyaro, ni da ba a cinye ni, sau uku dutse yana kuɓuce mini. Tuwo ya ƙi wucewa. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, na ce eh. Tsoro nake ji. Ba dukan Baba nake tsoro ba, bai cika duka ba. Abin da nake gani shi ne ya dawo yana dogara sanda, ya buɗe rudu, ya tarar irin da ya wuce hannun mutum uku ya ƙare a hannuna, ya shiga bin maƙwabta yana roƙon nasu. Kuma na kasa gaya wa kowa, domin duk wanda na gaya wa zai ɗaga ledar.

A nan sai na kawo Hajo. Tsohuwa ce ’yar siririya, ba ta da kowa a garin, an ce daga Katanga aka auro ta, mijin da ’ya’yan duka suka riga ta. Sana’arta bin lambuna da bayan gidaje da tsohon kwando, tana tsintar lawashin da aka zubar da albasar da ta fara lalacewa. Lawashin ta daka ta shanya ta yi gabu na miya, albasar ta yanke inda ya ruɓe ta busar da sauran. Tana tafe tana magana ita kaɗai, tana ɗaga hanci tana shinshina iska, zanenta kullum warin albasa. Manya suna cewa kanta ya ɗan taɓu. Mu yara kuwa mun samu abin wasa. Akwai waƙar da muke yi mata a dandalin gaɗa, muna tafi muna juyi: “Hajo mai tsintar ruɓa, hancinki ya riga ki zuwa.” Ba zan ɓoye ba, ni na ƙirƙiro ta, kuma na yi alfahari da ita ƙwarai.

Ranar Asabar da hantsi, rana ta huɗu, ina tsugune gaban rudu ina kuka a hankali, sai na ji takun mutum. Hajo ce, ta tsaya da kwandonta, hancin nan a sama. Na yi sauri na goge ido na ɗaure fuska, don ko a cikin wannan hali ina ganin na fi ƙarfin ta gan ni ina kuka. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “Wa ar ruhe albasag ga?” Na ce ni ce, Baba ya ce kada ruwa ya taɓa ta. Ta ajiye kwando ta ce, “Ɗiyag ga, kin shaƙe ta. Albasa lumfashi takai, kamar ke. Ruwan da kika gani zuhwatta ta. Ɗebe duwatsun nan maza.”

Na tsaya. Wannan tsayuwar ita nake yawan tunawa. A raina ina cewa, Baba da kansa ya ba ni umarni, yanzu kuma mahaukaciya za ta warware? In na buɗe aka yi ruwa fa? In ƙawayena suka gan ni da ita fa? Har na ji wata zuciyar tana ce mini so take albasar ta lalace ta samu na tsinta. Na dubi sama, akwai gajimare a kudu. Na dubi Hajo, ta riga ta sunkuya tana ture turmin, ba ta jira izinina ba. Warin da ya fito ne ya yanke mini shawara. Na durƙusa na kama ɗebe duwatsu.

Da muka yaye ledar sai da na kau da kai. Albasar sama ta jiƙe, wasu sun yi baƙin ƙura a gindi, ƙananan ƙudaje suna tashi. Na ce mu baza su a rana. Ta ce, “Ba rana ba, inuwa. Rana dahwa ta takai.” Na ce mu wanke su, ta harare ni har na ji kunya. Muka kwashe su kwando-kwando zuwa ƙarƙashin tsamiya, muka baza a kan zana ɗaya bayan ɗaya, ba mai taɓa wata. Sannan ta kama babban yatsana ta ɗora a wuyan wata albasa, daidai inda ganye ya bushe, ta danna. “In yan nutse, ta tahi. In yat tsaya, tana da rai.” Ta nuna mini yadda ake shinshina gindi, da yadda ake barin busasshen ɓawo a jiki, kada a ɓare. Wadda na ga kyakkyawa sumul sai ta shinshina ta jefar gefe, in an yanka a tarar cikinta ya zama ruwa. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Na kasa haƙuri na tambaye ta inda ta koya. Ta ce, “Shekara talatin ruɓaɓɓa nika tsinta. Wa af fi ni sanin abin da ka kashe ta?”

Muka yi ta yi har azahar ta gota. Duk wadda yatsana ya nutse a wuyanta, sai na ji kamar a cikina ya nutse. Tsibin matattu yana girma, ina satar kallonsa ina addu'a. Da muka gama, abin da ya tsira ya ɗan haura rabi. Ta sa na kwashe jiƙaƙƙen karan da ke kan rudu na shimfiɗa busasshe, muka jingina zana biyu a sama suka haɗa kai, ƙasa kuwa a buɗe iska tana ratsawa. Ta ce kullum da safe in bi su da yatsa. Ta zuba matattun a kwandonta, na taya ta ɗauka, na ce, “Na gode, Gwaggo.” Ban taɓa kiranta da wani suna na girma ba sai ranar. Ta dube ni ta ce, “Ke ta mai waƙag ga ko? Kina da murya.” Na so ƙasa ta tsage. Ta gyara gammo ta ce, “Ai gaskiya kif faɗi. Da hancina bai riga ni zuwa ba yau, da kun rasa iri.”

Ranar Juma'a na bi wata maƙwabciya zuwa Aliero da ƙwaryar fura. Tun daga hanya nake shirya ƙarya, amma da na ga Baba kwance, ƙafa ɗaure da karare, ya rame, sai duk ta zube. Na faɗa masa komai, har ƙarin duwatsun, sunan Hajo kawai na ɓoye. Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki. Can ya ce, “Wa an nuna miki danna wuyan albasa?” Na ce Hajo ce. Ya ce, “Hajo mai tsince?” Na ce ita. Sai ya ce, “Tun ina saurayi taka wucewa bayan gidanmu, ban taɓa tambayatta komi ba.” Bai yi mini faɗa ba, ya ce dai rabi ma iri ne. Da kaka ta yi ya dasa su yana ɗingishi, suka yi fure fari tas. Daga shekarar, in an cire albasa, lawashin farko ni ake ba in kai wa Hajo har ɗakinta, ba ta ƙara tsintar na gidanmu a bola ba.

Waƙar ce na kasa kashewa. Na daina yi, na yi faɗa da ƙawaye biyu a kanta, amma ta riga ta fita hannuna. Hajo ta rasu ina makarantar kwana, sai da na dawo hutu na ji, kuma babu wanda ya iya nuna mini kabarinta.

Yanzu ina koyarwa a Jega, gashina ya fara fari. Lambunan garinmu injin ban ruwa ke kuka a cikinsu, matasa suna sayen iri a gwangwani, mai sayen albasa yana kiran waya tun tana ƙasa. Ƙanena ɗaya dai ya riƙe namu, har yau yana da ƙaramin rudu a bayan gida. Bara da na je, na ji ’yan mata a dandali suna tafi suna rera waƙata, kalma ba ta canja ba. Na tambaye su wace ce Hajo, suka ce ai waƙa ce kawai. Na kira su bayan gida, na kama yatsan ƙaramarsu na ɗora a wuyan albasa, na ba su labarin tun daga hadarin. Na roƙi ƙanena ya riƙa kiran irin nan irin Hajo, ya yi dariya ya ce to. Ban sani ba ko sunan zai kama kamar yadda waƙar ta kama. Na dai san shekaru na yi ina jin warin zanenta, ban taɓa tunanin warin sani ba ne.