Kwana Shida da Na Roƙi Baba

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta kwana shidan da na roƙi mahaifina ba.

A Borokiri aka haife ni, cikin Fatakwal, inda Baba ke sayar da wake da albasa. Karatu ya kai ni Turai neman digiri na uku. Aikina in ɓare wani dutse mai falle-falle da salatif, har fallen ya yi siririn da ido ba ya gani, sannan in auna yadda ƙwayoyin lantarki ke juyawa a cikinsa kamar ƙananan maganaɗisu. Burinmu wata rana waya ta riƙa adana bayanai ba tare da shan batir ba. Sai dai awon ba ya yiwuwa sai cikin wata na'ura mai tsananin sanyi, ita kaɗai ce a sashenmu. Wata biyar na yi ina jiran layi.

Ranar da layi ya zo kaina, da safe, Umma ta kira.

"Jikin babanku ya ƙi daɗi. In da hali ki taho."

Na ce ta ba shi wayar. Muryarsa ta dushe, amma bai fasa tsokana ba: "Malama, ya dutse?"

"Baba, ka ba ni kwana shida kawai. In na tafi yanzu fallen zai lalace, sai kuma baɗi."

Ina jin numfashinsa, sannan ya ce: "To, gama aikinki. Allah ya yi miki albarka."

Wallahi har daɗi na ji. Sai yanzu nake gane cewa ba izini na nema ba, sa shi na yi ya faɗi abin da nake son ji.

A rana ta huɗu, kwamfuta ta nuna abin da na shekara uku ina nema. Malamina har da tafi. Na fito da gudu na kunna waya don in yi wa Baba albishir, sai ga saƙon yayana. An riga an kai Baba makwancinsa bayan azahar.

Na iso gida ana sadakar bakwai, ruwa na ta zuba. Umma ta riƙe hannuna kawai. Wani dattijo, maƙwabcin shagon Baba, ya sa aka kira ni bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce:

"'Yata, aikin ya yi kyau?"

Na gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi. Kullum babanki sai ya ƙirga kwanakin da yatsunsa. Da safen ranar ma ya ce da yayanki kada a tayar miki da hankali, saura biyu."

A nan na zauna a ƙasa, cikin ruwan.

Na karɓi digirin, har yau kuma aikin nake yi. Amma na koyi cewa wanda ke ƙaunarka da gaske ba zai ce ka ajiye komai ka zo ba. Kai ne za ka ji abin da bai faɗa ba, ka tashi.