Libarbar da Kawu Ya Gyara Mani

'Yan samari, ba wa'azi zan yi maku ba, don ba ni da ilimin yinsa. Labarin wautata ne. Sunana kuwa ba zai ƙara maku komai ba, shi ya sa na baro shi gida.

Ni mutumin Ruwan Godiya ne. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, sai yayan mahaifiyata ya ɗauke ni. Maƙeri ne, gari duka Baba Maƙeri ake ce mashi, ni kaɗai ke cewa Kawu. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ga ƙarancin magana. In yana so ya nuna mani ƙauna, masara yake gasawa a bakin wutar maƙera ya jefo mani, ko kallona ba zai yi ba. Ban taɓa jin zagi daga bakinsa ba. In na ƙure shi, iyakarsa ya ce, "Kai dai Allah shi shirye ka," ya ci gaba da dukan ƙarfensa.

Kawu yana da wata al'ada. Duk ƙarfen da ya bi ta hannunsa, galma ce ko lauje ko bindigar maharba da aka kawo gyara, sai ya buga mashi alamarsa, zane uku kamar ƙafar kaza. Ma'anarta, in abin ya lalace ka maido, gyara kyauta ne. Daga Kankara har Sabuwa ba manomin da bai san ƙafar kazar nan ba.

Da na zauna na koyi ƙira da yanzu ina da sana'a mai kyau. To, ni zafin wuta ne ba na so, ga son riga mai aiki. Da guntayen ƙarfe na fara, ina kwasa ina sayarwa ranar kasuwar Yankara in sayi tsire. Daga nan sai goron mutane, sai kaza, sai akuya. Kowane mataki ina ce wa kaina ai wannan ba wani abu ba ne. A kasuwar na haɗu da wani ana ce mashi Dogo, mai daɗin baki kamar maroƙi. Shi ya nuna mani cewa akuya wahala ce, tana kuka, tana kashi a hanya, alhali manomin da ya sayar da auduga kuɗinsa shiru suke cikin lalita. Lokacin Turawa suna nan, auduga tana kuɗi, ni kuma ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina jin kaina.

Sau biyu muka tare mutane da sanduna. Na biyun ya kusa fasa wa Dogo kai. Sai ya ce mani, "Sanda kowa na da ita. Mu nemo wadda in an gani ba a gardama, 'yar gajera, mai shiga aljihun riga."

Ya kai ni bayan Sabuwa wajen wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, ana ce mashi Kofur. Da hantsi muka same shi yana shanya barkono. Ya shigar da mu rumfa, ya warware wani tsohon bargo, sai ga ƙananan bindigogi guda uku a jere. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganinsu.

Ta farko ƙirar gida ce, wani maƙeri ya yi ta, ana ɗura mata albarushi ta baki, harbi ɗaya sai a sake ɗuri. Kofur ya ce ita ce mai araha, kuma abincinta ko'ina akwai. Na juya ta, na ga haɗin ƙarfen, na taɓe baki. Ni da na tashi a maƙerar Kawu, wannan ko sakatar ƙofa ba zan yarda a yi mani haka ba. Ta biyu shafaffiya ce, baƙa wuluk, harsashinta ta ƙota ake zura shi. Wai ta wani Bature ce mai haƙar zinariya. Ta fi su kyaun ɓoyo, lafiyarta lau, har Kofur ya ce in muna so a je bayan dutse ya gwada mana. Dogo ita ya so. Ta ukun libarba ce mai ɗaki shida, mai nauyi, ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi. Kofur bai ɓoye mani ba, ya ce kunamarta ta saki, in ka ja ba ta komawa, kuma harsashi huɗu ne suka rage, ba inda za a samo wani.

Dogo ya ce, "Kai, mi za ka yi da gurguwa? Ɗauki ta Bature."

Amma ni na riga na sa libarbar a hannu na ji nauyinta, na ji kamar na ƙara tsawo. Ita ce mai kama da bindiga, in ka nuna wa mutum ba sai ka yi bayani ba. Na ce, "Gyaranta ba wuya. Ina da mai gyara a gida." Kun ji fa. A cikin bindiga uku, na zaɓi wadda sai na ratsa da ita ta gidan mutumin da ya rene ni. Kuɗin akuyoyin mutane na zube na ɗauko ta.

Na sami Kawu shi kaɗai bayan azahar. Na ce wani soja ne abokina ya ba ni in kawo gyara. Ya karɓa, ya daɗe yana juya ta. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da bai saba yi mani ba.

"Soja?" in ji shi.

Na ce, "Soja, Kawu."

"Harsashi nawa gare shi, sojan naka?"

Na ce huɗu.

Ya ce in dawo jibi. Da na dawo, kunama tana tafiya tana dawowa kamar sabuwa. Ya miƙo mani ya ce, "Ka gaya mashi kar ya ɓarnatar da harsashi wajen gwaji. Aikina ne." A ƙasan ƙotar na ga 'yar ƙafar kaza, sabuwa fil. Ku ji wauta, daɗi ma na ji, wai bindigata ta sami shaidar gwani. Ban gwada ba kuwa. Wa zai gwada aikin Kawu?

Ranar kasuwar Yankara, da la'asar sakaliya, muka tare wani dattijo a mashigin rafi yana kora jakinsa. Na fito da libarba na ce ya kawo lalita. Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, gumin shekara ne, ba ni ba ka." Ya riƙe sandarsa. Dogo yana bayana yana cewa, "Buga mashi, buga mashi." Ba zan yi maku ƙarya ba, ba tsorata shi na yi niyya ba a wannan lokacin. Ƙirjinsa na saita na ja kunama. Ta ce ƙyas. Na sake ja, ƙyas. Kafin na uku sandar dattijo ta sauka a wuyan hannuna, bindiga ta yi gefe, mu kuma muka yanki daji. A guje ina zagin Kawu a zuciyata, wai tsufa ya ɓata mashi aiki.

Kwana tara muna ɓoye a Sabuwa, sai na ji labari a bakin masu sayar da goro. Dattijon ya kai bindiga wajen hukuma, an kira maƙera su duba, kallo ɗaya suka gane alamar. 'Yan doka sun je Ruwan Godiya sun ɗauko Kawu, yana tsare a Faskari, jibi za a wuce da shi Katsina. An tambaye shi wa ya kawo gyara, an lallashe shi, an yi mashi barazana, abin da yake cewa kawai, "Aikina ne." Mai ba da labarin har dariya yake, wai ga gwanin maƙeri ya gyara bindiga ta ƙi tashi.

Dogo ya ce in bar shi, tsoho ne, ba za su riƙe shi da yawa ba. Na dubi Dogo, na ga ban taɓa ganin mummunan mutum irinsa ba, sai ni. Kawu yana da ciwon ƙirji na hayaƙin maƙera, na san in ya shiga gidan yari ba zai fito da ƙafarsa ba. Na kama hanyar Faskari a ƙasa, ban tsaya ba sai ƙofar inda yake tsare.

Yana zaune a tabarma, an cire mashi hula. Tunda nake ban taɓa ganin kansa ba hula a gaban mutane ba, abin ya ƙona mani rai. Da ya gan ni sai ya ɓata fuska ya ce, "Wa ya aiko ka nan?" Na durƙusa na ce wa 'yan doka ni ne mai bindiga, ƙarya na yi mashi.

Shekara biyar alƙali ya ba ni, ya ce in gode wa Allah da ba a yi jini ba, da igiya ce. Kawu an sake shi, amma an hana shi taɓa kowace irin bindiga har abada, alhali gyaran bindigogin maharba shi ne rabin abincinsa. Zaman gidan yari ba zan tsawaita maku ba. Na fasa dutse, na ɗauki kashin mutane a kaina, na koyi salla da kyau a wajen wani malami da muke ɗaki ɗaya. Duk bayan girbi Kawu sai ya aiko mani da ƙuli-ƙuli, ba saƙon baki ko ɗaya.

Da aka sake ni na dawo na same shi ya rame, masabar dukan ƙarfe ma da hannu biyu yake ɗaga ta. Na faɗi gabansa ina kuka ina neman gafara. Ya bar ni na yi mai isata, sa'an nan ya ce in tashi in kama mashi awartaki, ƙarfe na hucewa. Muna cikin aiki, don in sa shi dariya, na ce, "Kawu, Allah ne ya taimake ni gyaranka bai yi ba."

Ya ce, "Gyarana ya yi."

Na ɗago na dube shi, sai ya ci gaba da magana.

"Wane soja? Tun kana rarrafe na san fuskarka in kana ƙarya. In na ƙwace ta, wanda ya sayar maka yana da wata mai lafiya, can za ka koma. Sai na gyara kunamar, na goge ɗan tsinken da ke saran harsashi, na rage mashi tsawo. Shekara arba'in ina ƙira, shi ne aiki ɗaya da na ɓata da gangan."

Na ce, "To alamar fa, Kawu? Don mi ka buga?"

Sai ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Hannu ne ya saba, ɗan nan. Sai da na buga na tuna, ga ka kuma tsaye a ƙofa."

Shekara biyar yara na yi mashi waƙar maƙerin da bindigarsa ta ƙi tashi, bai gaya wa kowa gaskiya ba, don in ya faɗa ya shaida ke nan cewa da niyyar kisa na fita. Shekara biyu muka ƙara tare, na yi mashi ƙira, na yi mashi jinya, a hannuna ya cika. Ina sonsa, kuma ban gaya mashi da baki ba sai ranar.

To, 'yan samari, na tuba, ina fata Allah ya karɓa. Ku bar guntun ƙarfen da ba naku ba inda kuka gan shi, ku bar abokin da ke raina sana'ar gidanku. Ranar da aka baje maku irin bargon Kofur aka ce ku zaɓa, ku tashi ku fita, babu ta kirki a cikinsu. Kuma kada wani ya ji labarina ya ce ai na tsira. Ni na ja kunamar nan sau biyu a ƙirjin bawan Allah da bai yi mani komai ba. Abin da ya raba ni da kisan kai ba hankalina ba ne, wani tsoho ne ya zubar da sunansa domina. Ba kowa ke da Kawu ba, ni ma yanzu ba ni da shi.