Gitar Kanta da Igiyoyin Inde

Duk wanda ya san Kanta ɗan Gwamna daga baya zai ce maka mai lambu ne, kuma bai yi ƙarya ba. Tumatir da albasa da salati yake nomawa a bakin tafkin Madarumfa. In ka gan shi tsugune yana gyaran fangali, ba za ka yarda ya taɓa sa mutanen Maraɗi rawa har takalma suka tsinke ba. Ni kuwa danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu tun muna yara, saboda haka ko sun so ɓoye mini wani abu, dangar ba ta da kaurin da za ta taimake su.

Kanta bai gaji kiɗa ba. Ubansa, wanda Gwamna sunansa ne kawai, manomi ne, kakansa ma haka, kuma gidansu ko turmi ba a iya bugawa da daɗi. Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja, ya tafi Maraɗi dakon buhuna. A can ya haɗu da wani tela ɗan Dahome da ke kaɗa gita a wani orkes, irin ƙungiyar makaɗan zamani da ake gayyata wuraren bukukuwa. Telan ya dubi yatsun Kanta, waɗanda fartanya ta riga ta yi musu kauri, ya ce waɗannan yatsun bas ne.

Bas ɗin nan gita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, muryarta ƙasa-ƙasa, wadda ƙirji ke riga kunne ji. Sai dai tana da mulki. Ba ta magana sai an haɗa ta da akwatin ƙara sauti da suke kira ampli, ta hanyar wata doguwar baƙar waya da suke kira fil, shi kuma ampli ba ya motsi sai da kuran, wato wutar lantarki. Kanta ya koya, ya iya, har ya sayi tasa ta hannu wajen wani makaɗi ɗan Gana da zai koma gida. Ja ce, fentinta ya goge a inda hannu ke kwanciya. Ya sa wani baduku ya ɗinka mata maratayi na fata, ya rataya ta a kafaɗa kusan shekara goma. Shi kuwa Gwamna, in an tambaye shi abin da ɗansa ke yi a birni, sai ya ce aikin gyaɗa, ya kawo wani zance.

Sai fari ya zo, wanda har yau in an ambace shi tsofaffi ke yin shiru. Gwamna ya rasu a cikinsa. Kanta shi kaɗai ne namiji, ga mahaifiyarsa Inde, ga gona, ga ƙanne mata. Bai yi gardama da kowa ba, ya sa gitarsa cikin akwatinta ya dawo gida.

To, Madarumfa a lokacin ba ta da kuran. Gita ta zama kurma. Wani lokaci da hantsi nakan ji shi yana taɓa ta haka nan, sautin kamar ƙudan zuma ya shiga tulu, sai ya yi tsaki ya mayar da ita. Na san abin yana cinsa. Ba kewar rawa ce ke damunsa ba, don Kanta ya riga ya kama lambu da gaske. Abin da ya tsaya masa shi ne ya ajiye abu mai murya a ɗaki yana ta lalacewa. Kullum sai ya ɗaga akwatin ya duba ko gara ta kawo ziyara.

Da aka farfaɗo da Samariya, ƙungiyar matasa ta ƙasa, tsofaffin abokansa na Maraɗi suka sake haɗa orkes. Shugabansu Hamisu ne, mawaƙi mai murya mai kyau da zuciya mai zargi, mutumin da ko ƙwai zai saya sai ya girgiza shi a kunne. Suna da komai sai bas. Wanda zai riƙe ta kuwa Ɗan Azumi ne, wani mai gyaran kekuna, magidanci mai sanyin hali. Wata Juma'a suka biyo motar kasuwa suka zo, don washegari bayan la'asar za su yi wasansu na farko a gidan matasa.

Hamisu ya juya gitar, ya leƙa ta ciki da waje, ya ƙwanƙwasa ta.

Ya ce, "Kanta, ga ta dai, amma nan ba kuran. Ƙaƙa za mu san tana magana?"

Kanta ya ce, "Lahiyarta lau. Komi nata yana cikin akwati, ban rage ko allura ba. In kunka kai ta ba ta yi magana ba, ku maido min abata, ku hwaɗa ma Maraɗi duka ni maƙaryaci ne."

Ciniki bai yi tsawo ba, aka sallama, aka yi wa juna fatan alheri. Kanta ya rufe akwati ya jingine shi a zaure, ya ja baƙinsa bakin tafki don su ci gasasshen kifi kafin mota ta tashi. Da suka tafi da kayansu, ya dawo yana fito. Ya leƙo ta kan danga ya ce mini ji yake kamar an sauke masa buhu daga ka. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin fari.

Washegari, rana na tsaka, sai ga ƙarar mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Ɗan Azumi ne, ya aro ta wajen wani, ga gitar rataye a bayansa ba akwati. Bai ko tsaya dogon gaisuwa ba.

Ya ce, "Fil ba shi ciki, Kanta. Mun zazzage akwati, babu. Mun bi kantunan Maraɗi, babu irinshi, sai dai Kano. Hamisu ya ce in maido maka."

"Mi kuma ya ce?"

Ɗan Azumi ya dubi ƙasa. "Ya ce ka riƙe shi ne don mu dawo mu saya daban."

Na ga fuskar Kanta ta sauya. Mutum ne da ba shi da rumbu biyu, ba shi da rigar zuwa biki, amma tun daga garin Safo har garin Sarkin Yamma in ya ce kwandon tumatir ɗinsa ba ruɓaɓɓe a ƙasa, ba mai juyewa ya duba. Abin da yake da shi ke nan, kuma ga shi ana shirin kwance masa shi a bainar jama'a, da bakinsa kuma ya ba da izini. Ya shiga ɗaki ya ɗaga tabarma, ya zazzage jakar iri, ya leƙa har cikin tukunyar ruwa. Ni ma na tsallako na taya shi, muna ta haƙilo kamar kaji.

Duk wannan abin da ake, Inde na zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwa ce 'yar firit, mai taurin kai irin na mutanen da, wadda ba ta bar ko ɗaya daga cikin al'adun gidan ubanta ba. Sai da muka gaji ta ɗago kai.

Ta ce, "In igiya kuke biɗa, tana ɗakina."

Muka bi ta. A bangon ɗakinta akwai wani turke da aka kafa, kuma a jikinsa igiyoyi ne rataye, wasu har sun yi baƙi don tsufa. Duk akuyar da aka taɓa sayarwa a gidan, duk jaki, duk tunkiya, har san noman da aka rabu da shi a shekarar fari, igiyarsa na nan. A wurinmu ba a sayar da dabba da igiyarta. Mai saye shi ke zuwa da tasa, don in igiya ta bi dabba, arzikin gida ya bi ta ke nan. A saman su duka ga fil ɗin Kanta, an naɗe shi tsaf.

Inde ta ce, "Kun tahi cin kihi kun bar gita za ta hita da igiyarta. Ubanka bai taɓa yin wanga sakarci ba. Da ban duba ba, da yanzu mi ya rage muna?"

Kanta ya durƙusa. "Inna, in ba wannan ba ta magana. Mutane na can suna jira, kuma ana ce min maha'inci."

"Su zo da tasu."

"Babu irinta, Inna."

Ta dube shi. Ba ta son ganin ɗanta a durƙushe, wannan kowa ya sani. Can sai ta ce to akwai hanya: in mai saye ya zo ba igiya, akan yanki ɗan guntu a riƙe, a ba shi saura. Kafin mu gane inda ta dosa ta zaro wuƙar yankan kuɓewa daga jikin azara, ta kama fil ta lanƙwasa. Ɗan Azumi ya yi salati. Ni dai ban san lokacin da Kanta ya riƙe mata hannu ba, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya saki hannun a hankali, ya juya ya sauke gitar daga bayan Ɗan Azumi, ya kwance maratayin fatar nan ya ɗora mata a cinya.

Ya ce, "Inna, igiyar jaki wace ce? Wadda anka ɗaure shi da ita. Waccan baƙar ba ta taɓa ɗaure ta ba, hanyar muryarta ce kawai. Wagga ita ce ta ɗaure ta a jikina shekara da shekaru. Ita ce munka yi sakaci ta hita jiya."

Inde ta juya fatar. Ta yi baƙi, ta yi laushi, gumin ɗanta ya ratsa ta har ta ɗauki lanƙwasar kafaɗarsa. Ta shinshina ta. Sa'an nan ta harare mu duka, kamar mu ne muka ɓata mata lokaci, ta ce ai da ma ta ga waccan ba ta yi kama da igiyar kirki ba, ko zare ɗaya babu a jikinta. Ta rataye maratayin a turke, ta miƙa wa Ɗan Azumi fil, ta ce masa saura ya nemo tasa igiyar, ba ta ba da aro. Shi kuma ya fita ya kwance igiyar da ake ɗaure kaya a bayan mobilet, ya ɗaura wa gita.

Kanta ya ce shi ma zai je. Ɗan Azumi ya ce ba sai ya wahala ba, zai yi wa Hamisu bayani. Kanta ya ce ba bayani ne ya dame shi ba. Ya yi alkawarin za ta yi magana, kuma gita ce da ta shekara biyu da wani abu ba ta ɗanɗana kuran ba. In damina ta shige ta, gara a faɗa masa a gaban idonsa. Haka suka hau su biyu, da gita a tsakaninsu, mobilet na nishi.

Abin da ya faru a Maraɗi daga bakinsu na ji, kuma sun ba ni shi iri ɗaya. Sun isa ana kiran la'asar, mutane sun fara cika benci. Hamisu bai amsa sallamar Kanta da kyau ba. Ya karɓi fil ya duba kan nan ya duba wancan, ya soka da kansa, ya murɗa ampli. Da farko ba abin da ya fito sai wani huci. Ɗan Azumi ya gyara igiyar kayansa a kafaɗa, ya sa yatsa ya ja babbar tsirkiya.

Kwanon rufin gidan ya amsa. Wata mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ta dafe ƙirji, yara suka yo ciki da gudu. Ɗan Azumi ya bi sauran tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fito garau, ba tari ba shaƙewa.

Hamisu ya ɗago daga kan ampli. Ba mutum ne mai iya ba da haƙuri ba, bakinsa bai saba ba. Ya je ya karɓo gitar daga hannun Ɗan Azumi, ya kawo ta gaban Kanta ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Kai za ka buɗe muna. Waƙa guda."

Kanta ya dubi gitar, ya mayar da hannuwansa baya.

Ya ce, "Taku ce yanzu. Ni dai ku ba ni ruwa in sha, tun sahe ban sa komi a bakina ba."

Aka kawo masa ruwa a kwano. Ya nemi benci na can baya ya zauna, ya shanye ruwan tas, suka fara.