Asabar ɗin Soja a Hindawiyya

Ranar Asabar ce, cikin watan Safar, a shekarar 2017. Da asuba na ji ɗana ya ja ƙofa a hankali don kada ya tashi matarsa Ghada da 'yarsu Zinariya. Ya yi salla a masallacin unguwarmu, a nan Zahir cikin Makka, ya dawo da burodin tamis mai zafi da dafaffen wake a leda. Ya leƙo ɗakina ya ce, "Inna, kin tashi, ko sai an busa bigila?" Na ce masa ni ba kurtu ba ce.

Da hantsi ya hau kujera ya gyara na'urar sanyaya ɗakina da ke ɗigar ruwa. Sannan ya sa tsohuwar rigar aikinsa shuɗiya, ya ɗauki akwatin kayan gyara, ya tafi unguwar Hindawiyya duba motocin baffansa, kamar kowace Asabar. A can ya yi azahar. Ya dawo ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ce ƙirjinsa na zafi, ya ɗora laifin a kan yajina. Bayan la'asar ya zauna a ƙasa yana taya Zinariya aikin makaranta. Gab da magariba ya miƙe zai yi alwala, ya faɗi a bakin ƙofa. A asibiti likita ya ce zuciya ce. Shekararsa talatin da takwas.

Sunansa Uzair. Ɗan farina ne, kuma shi kaɗai Allah ya ba ni. Ni 'yar Katsina ce, a can na tashi, na yi jami'a a Kano kafin aure ya kawo ni Makka, saboda haka ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Yana ƙarami ina cewa "yaron nan", da ya girma na koma "Soja". Shi ma da ya sa wa 'yarsa sunana, bakinsa bai iya faɗa ba, sai ya ce Zinariya. Ita ce abin da ya rage mini. Ko za ta ci gaba da kwana a gidan nan ko za a tafi da ita, wannan ya rataya ne a kan wata shawara da ya yanke shekara uku kafin rasuwarsa.

Mahaifinsa, Mukhtaru, haifaffen Makka ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa ba su koma ba. Soja ya tashi da Larabci a waje da Hausa a gida. Karatu bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne duk wani abu mai inji. Rediyona biyu ya kwance kafin ya gama firamare, ɗaya kawai ya iya mayarwa. Yana gama sakandare ya shiga soja, aka sa shi ɓangaren gyaran motoci, aka tura shi Tabuka. Shekara goma sha shida ya yi a can. Da mahaifinsa ya rasu na rage ni kaɗai, sai ya nemi sallama ya dawo, ya sami aikin gwamnati a garejin motocin ɗaukar marasa lafiya.

Shekarunsa na soja ba su kai na fansho ba. A ofishin fansho aka ba shi zaɓi biyu: ko ya karɓi kuɗin sallama dunƙule, shekarun su shuɗe, ko ya bar kuɗin, a haɗa shekarun da na sabon aikinsa, a lissafa masa su gaba ɗaya ranar ritaya. Aka ce ya yi shawara, amma ba har abada ba.

Baffansa Abdulganiyyu, ƙanin mahaifinsa, shi ne kuma mahaifin Ghada. Yana da tasi uku a Hindawiyya, kuma ya daɗe yana mafarkin bas ta jigilar masu umara zuwa Madina. Da ya ji labarin kuɗin, ya zo har gida.

"Ya waladi, ɗana, karɓo abinka," in ji shi. "Ni rabi, kai rabi. Ramadan ɗaya ta isa. Fansho na tsofaffi ne, kai ko furfura ba ka fara ba."

Soja ya ce, "To, Baffa," kansa a sunkuye. A wajenmu ba a ce wa baffa a'a, balle baffan da ya ba ka 'yarsa.

Bayan ya tafi, Soja ya tambaye ni ra'ayina. Na faɗa masa abin da na fahimta ba ƙari: bas na iya kawo riba, tana iya kawo asara, in ya karɓi kuɗin, a aikin gwamnati zai zama kamar wanda ya fara jiya, in ya bari, ba zai ga komai a hannu ba sai bayan shekaru. Na ce zaɓin nasa ne. Ya koma ofishin sau biyu, ya tambayi abin da iyali ke samu idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki. Ghada ta yi fushi da wannan tambayar, ta ce yana kira wa kansa mugun abu. Ya ce mata a bariki ba a fita da mota sai an duba tayar safaya, kuma ba don ana fatan faci ba ne.

Wata Alhamis ya dawo ya ce, "Inna, na sa hannu. Sanyin Tabuka da na sha ba zan mai da shi bas ba."

Saura faɗa wa baffa. Bai aika kowa ba. Ranar Asabar ya ɗauki akwatin kayan gyaransa ya tafi, Ghada ta bi shi don ta gaida mahaifiyarta, ita ce ta ba ni labarin. Ya tarar da baffa a ƙofar gida, ya gaishe shi, ya buɗe gaban farar tasinsa ya fara aiki. Sai da ya canza mai ya ɗaure bel, sannan ya ce, "Baffa, kuɗin nan na bar shi inda yake. An haɗa."

"An haɗa da me?"

"Da aikin yanzu."

"Wato hukuma ka ba ajiya, ni ka hana ni."

"Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, Baffa. Amma hannuna nawa ne. Daga yau motocinka sun daina zuwa gareji. Asabar ɗina taka ce."

Baffa ya ce, "Sojan da ya gudo daga bariki ne zai gyara mini mota?" Ya shige gida. Wata biyu ba ya amsa masa da abin da ya wuce gaisuwa. Soja bai fasa ko Asabar ɗaya ba. Daga baya baffa ya fara fito masa da shayi, ya raɗa masa suna Alhaji Ritaya. In ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Ku ba tsoho kujera, kada ya faɗi kafin fanshonsa ya nuna!" Soja ya ce, "Tsohon ne dai yake tayar da gawar nan da kake kira mota." Bas ɗin ba a saye ta ba.

An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Ghada ta yi takaba a ɗakinsu. Da ta fita, baffa ya zo da ɗansa Bandar. Baffan ya yi mini magana da ladabi: haya a Zahir ba wasa ba ce, mata uku ba namiji, ɗakin Ghada na nan a Hindawiyya. Bai faɗi ƙarya ba, kuma 'yarsa ce. Na san in suka tafi, Zinariya za ta zama baƙuwata ta ranar Juma'a.

Ghada ce ta yi magana, da Hausarta mai gauraye da Larabci. Ta ce ta je ofishin fansho, an gama lissafi, kuma da shekarun Tabuka aka yi shi. Abin da za a riƙa ba mu duk wata ya isa haya da cefane. Ta ce, "Baba, ina nan tare da Inna. Zinariya ba za ta canza makaranta ba."

Baffa ya dubi darduma. Sannan ya ce, "Alhaji Ritaya. Ja'irin yaro." Ya goge fuskarsa da gefen gyalen kansa, ya nemi a ƙara masa shayi.

An ƙiyasta kayansa cikin gado yadda shari'a ta ce, muka yarda a tsakaninmu. Fararen rigunansa mun ba ɗaliban Najeriya da ke salla a masallacinmu. Wayarsa da agogonsa suna wajen Ghada. Tsohuwar hularsa ta soja Zinariya ta ɗauka, tana rataye a jikin gadonta. Akwatin kayan gyaran ya faɗo a rabonta. Baffa ya roƙe shi aro, yana cikin but ɗin farar tasin, ya ce zai mayar ranar da ta nema. Kafin a ɗauka na cire sukundireba guda, mai jan mariƙi. Na'urar ɗakina ta sake fara ɗiga, kuma na ga inda Soja ya kwance ranar nan.