Barau Wanzami da Keken Mata

Duk wanda ya tashi a Gaya zamanin da ake kashe fam da sule ya san Barau Wanzami. In bai san fuskarsa ba to ya san askarsa, don da wuya ka sami kan namiji a unguwarsu da hannun Barau bai bi ta kansa ba. Dogo ne siriri, mai gaisuwa har ta ishe ka. Wanzanci gado ya yi, zabirar fatar da yake zuba kayan aiki ma ta mahaifinsa ce. Aski, ƙaho, askin jariri ranar suna, duk shi ake nema, daga cikin gari har Kademi, har Ajingi in an aiko.

A keke yake wannan yawo, wani baƙin keke na maza mai nauyin tsiya, mai ƙarfe a tsakiya, wanda sai ka wurga ƙafa ta bayan sirdi kafin ka hau. A wancan lokaci kuwa ba a wuce babba a kan keke. Sauka ake yi a gaishe shi, a ɗan tura keken gaba, sannan a sake hawa. Barau ya ɗauki abin nan da zafi. Daga gidansa zuwa kasuwa, saukar da yake yi ta fi tuƙin yawa, har taubashinsa Kabo yakan ce masa, "Kai dai ka sayi abokin tafiya ne, ba abin hawa ba."

Cikin duk saukar nan babu wadda yake ji da ita kamar ta gindin tsamiyar ƙauyen Balan. A nan surukinsa Malam Da'u, mahaifin matarsa Hansai, yake wuni a bakin hanya yana tufka igiya. Tsohon idonsa ya yi rauni, amma kunnensa garau, ya san ƙararrawar keken Barau a cikin dubu. Tun daga nesa Barau zai kaɗa ta, ya sauka, ya tuɓe takalmi ya rataye a kan keke, ya ƙaraso a ƙasa ya durƙusa. Malam Da'u shi ya ba shi Hansai lokacin da ba shi da komai sai zabira, kuma Barau bai taɓa mantawa ba. Yana ƙaunar tsohon nan ƙwarai, sai dai tsakanin mutum da surukinsa ba a faɗin irin wannan, a durƙuso ake ganewa.

To, da kakar shekarar da aka koma naira da kwabo, Barau ya hau rumbu zai gyara jinka, tsani ya zame, ya faɗo a kan ƙugunsa. Maɗori ya yi iya yinsa. Ya tashi, yana tafiya, yana iya murza feda, amma ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa sama ta tsallake sirdi. Da safe sai Hansai ta kife masa turmi a ƙofar gida ya taka sannan ya hau. In kuwa ya sauka a hanya, to shi da hawa sai ya sami kututture ko dakali. Sau ɗaya ya gwada ba abin takawa, a gaban jama'a, shi da keken da zabira suka zube gaba ɗaya.

Manyan cikin gari ya iya da su, ya koma tura keken da hannu har sai ya fita bayan gari. Matsalar Balan ce. Gindin tsamiyar nan fili ne fetal, ba dutse ba kututture. In ya sauka ba zai iya hawa ba, sai dai ya yi ta dambe da keke a gaban suruki, ko ya nemi a tallafe shi kamar mara lafiya. In kuma ya wuce a kan sirdi, wannan ai ko a mafarki. Batun ya buɗi baki ya ce, "Baba, ƙafata ce," shi ma kunya ta hana. Sai mutumin naku ya yi dabarar da ta fi duka muni. Duk ranar da aiki ya kai shi wajen Balan, sai ya ratse ta cikin gonaki ya zagaye tsamiyar ta baya, ya dafe ƙararrawa da hannu kada ta yi ƙara.

Ya ɗauka ba wanda ya sani. Ina! Masu gona sun gan shi, sawun taya kuma ba ya ɓuya a cikin yashi. Rani ya wuce, damina ta sauka, yana ta zagaye.

Wata rana Hansai ta dawo daga Balan, ta ajiye masa tuwo ta zauna gefe, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Malam," ta ce, "Baba ya ba ni saƙo. Ya ce in tambaye ka, in wani laifi muka yi maka, ka yi haƙuri ka faɗa. Ya ce kullum yana kasa kunne, ƙararrawar kowa yana ji ban da taka."

Barau ya cire hannu daga kwano. Abin ya soke shi matuƙa, ya ji ya tsani kansa. Shi da yake gudun kada tsoho ya ga gazawarsa, ashe ya bar shi yana neman laifin da bai yi ba.

Washegari ya tafi rumfar Sa'idu mai gyaran keke a kasuwar Gaya, ya zayyana masa komai. Sa'idu ya fara fito da wani keken maza marar nauyi. Barau ya ɗaga shi ya ji sakayau, amma ƙarfen tsakiyar yana nan. Aka sassauto sirdi ƙasa, aka karkata keken, ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Sa'idu ya sosa ƙeya, ya shiga ciki ya turo wani kore daga bayan tarin tayoyi.

"Akwai wannan, amma fa kada ka ce na raina ka. Na wata malamar asibiti ne da aka yi wa canjin gari. Keken mata ne."

Ba shi da ƙarfe a sama, tsakiyarsa a buɗe take don masu zane. Kansa ya lanƙwaso baya, mutum zai zauna a miƙe ba sunkuyo. Barau ya zura ƙafa ta gaba ya tsinci kansa a sirdi, ya sake zarowa ya tsaya a ƙasa. Ya yi ta yi, hawa da sauka, ƙugu bai ce uffan ba. Sa'idu ya gaya masa gaskiya: ba ya ɗaukar buhu, kuma a yashin hanyar Ajingi zai sha turawa, don na cikin gari ne. Barau ya ce shi zabira kawai yake ɗauka.

Kabo kuwa kamar an aiko shi, sai ga shi da kwandon gyaɗa. Ya ajiye, ya riƙe ciki don dariya.

"Barau, saura ɗankwali. Ka bari in karɓo maka na Hansai."

Mahauta suka ɗauka, masu goro suka taya. Kada a yi ƙarya, abin ya yi wa Barau ciwo, mutum ne mai son girmansa, kuma ya san wanzamin da ake yi wa dariya yana iya rasa kawunan da yake askewa. Ya daɗe tsaye riƙe da kan keken. Sannan ya bar wa Sa'idu baƙin, ya cika masa kuɗi, ya ɗaure zabira a bayan koren, ya ratsa kasuwa a kai ta tsakiyar masu dariyar, ya miƙi hanyar Balan.

Tun daga nesa ya hango tsohon a gindin tsamiya. Ƙararrawar wannan keken wata 'yar siririyar murya gare ta, Malam Da'u bai ko ɗago ba. Barau ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya ƙaraso ya durƙusa da ƙyar, ƙafa ɗaya a miƙe.

"Baba, barka da hutawa."

Igiyar ta tsaya a hannun tsohon. "Barau ne?"

"Ni ne, Baba."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da gona da ruwa. Babu wanda ya tayar da zancen. Can Malam Da'u ya ce a matso masa da keken, don ya ji ba muryar na da ba ce. Ya shafa sirdi, ya kai hannu inda ƙarfen tsakiya ya kamata ya kasance, hannun ya wuce ta iska. Ya lalubo ƙafar Barau da ke miƙe a ƙasa, ya dafa ta.

"Ashe ƙafar ba ta sake ka ba. Ni kuma ina nan ina ta lissafin abin da na yi maka." Tsohon ya ɗago kai. "Daga yau na yafe maka saukar, ɗana. Ka kaɗa ƙararrawa kawai in ji, ka wuce abinka."

Barau ya ce to, don ba a yi wa suruki musu. Amma bai taɓa wucewa a kan sirdi ba.

Dariyar mutane ta yi kwanakinta ta mutu. Wasu 'yan ƙalilan sun koma wajen wani wanzamin, yawanci sun zauna, har wasu dattawa masu ciwon gwiwa suka fara zuwa wajen Sa'idu a asirce suna tambayar ko akwai irinsa. Malam Da'u ya yi damina biyu bayan nan, Allah ya karɓi abinsa. Barau ya ci gaba da yawonsa a koren keke har gemunsa ya yi fari, kuma duk sanda ya zo tsamiyar Balan sai ya kaɗa ƙararrawa, ya sauka, ya tura keken har ya wuce inuwar, bakinsa yana motsi da addu'a.

Wata rana suna tafe tare da Kabo, shi ma ya tsufa, ya ga haka ya ce, "Kai kuwa ba kowa a wurin, ka hau mana."

Barau ya ci gaba da turawa, takalminsa rataye a kan keken.

"Ai don saukar nan na saye shi," in ji shi.