Ranar da Aka Zuba wa Gidana Ruwan Buta

Gidana shi ne na ƙarshe a lungunmu na Ƙofar Durbi, can gangare, inda duk ruwan saman unguwar ke biyowa kafin ya faɗa babbar kwata. Katangata ta ƙasa ce, tun ginin marigayi maigidana. Kowace damina sai ta zaizaye daga gindi, in sa a yaɓe, in zauna ina hararar gajimare.

Wata shekara, gab da damina, masu bincike daga jami'a suka shigo unguwar. Babbarsu mace ce, Malama suke ce mata, kuma tana da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta zauna bisa tabarmata tana tambaya: ina ruwa ke bi, wa ke yashe kwata, wa ke zuba shara cikinta. Abokan aikinta suna waje suna awon lungu suna ɗaukar hoto. Ta ce in sun haɗa abin da suka ji da abin da suka auna, wasa za su shirya mana.

"Wasa, da furfurata?" na ce.

"Na manya ne, Inna. Don kowa ya ga yadda aikinsa ke taɓa maƙwabcinsa."

Don katangata na je.

A wani aji na firamare aka tara mu, masu gidajen lungun. Sun kawo faranti mai faɗin ƙyaure, sun gina lungunmu a ciki da laka, akwatunan ashana su ne gidaje. Ban yi boko ba, amma na gane nawa tun daga bakin ƙofa, ga shi can ƙasa a rakuɓe. Kwatar kuma sun cika ta da tsakuwa, wai shara ce. Dokar wasan guda ce: kowa ya zaɓa, ko ya ɗauki curin laka ya tare ƙofarsa, ko ya cire tsakuwa daga kwata. Sannan a zuba ruwa da buta daga sama.

Alhajin saman lungu ne ya fara miƙa hannu. Dillalin hatsi ne, kuma a bayan nan nawa na goya shi lokacin da uwarsa ke jinya. Ya ɗauki laka ya tare ƙofarsa, har da shafawa da babban yatsa. Telan lungunmu ya bi shi. Sauran ma duk suka bi. Ni kaɗai na cire tsakuwa.

Aka karkata buta. Ruwa ya kauce wa kowace ƙofa, ya taru, ya gangaro. Akwatina ya jiƙe, ya ɗaga, ya juya a kan ruwa.

Ajin ya ɗauki dariya.

"Inna, kin iya iyo kuwa?" in ji tela.

"Ku miƙa mata ƙwarya ta fara kwalfewa," in ji Alhaji, yana share hawayen dariya da hannun riga.

Na dubi masu binciken. Rubutu suke yi, fuska a sake. Ɗayansu ya ce madalla, daidai da abin da awonsu ya nuna. Na gyara mayafina.

Sai Malama ta ce a yi musaya. Aka ba ni gidan Alhaji, aka ba shi nawa, aka sa sabon akwati. Nan take mutumin ya zama malami. Ya gyara zama, ya kawo haƙƙin maƙwabtaka, ya kawo tsoron Allah, ya ce ai kunya ce a bar na ƙasa ya nutse. Duk waɗanda suka yi dariya ɗazu suka hau gyaɗa kai, kowa ya cire tsakuwa. Ni ma na cire, don gidana ne ko a hannun wa yake. Aka zuba ruwa, ya wuce sumul, akwatin ko danshi bai yi ba. Ashe gidan nawa yana tsira, in dai mai babbar riga ne a cikinsa. Aka yi tafi, aka tsayar da ranar gayyar yashe kwata, aka raba lemo.

Muna fita na lura Alhaji bai biyo mu ba. Yana tsaye kan farantin, ya sa an sake zuba masa ruwa, yana bin sa da yatsa.

"To in aka ɗaga nan, ta ina za ya bi?"

Masu binciken suka nuna masa, suna yaba ƙwazonsa.

Ranar gayya na fito da sassafe da tsintsiya da tsohon shebur. Ba kowa a bakin kwata. A saman lungu kuwa ana sauke bulo da siminti ƙofar Alhaji. Ya ɗaga dokin ƙofarsa, ya ja ɗan gini daidai wurin da ya aza yatsa. Kafin wata ya mutu tela ya yi nasa, sauran ma haka, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Da can ruwan yakan rarrabu, kowa ya sha kaɗan. Yanzu hanya guda suka bar masa.

Ruwan farko mai ƙarfi da la'asar ya sauko. Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ga katangar wajen murhu ta durƙusa, sannan ta kwanta. Alhaji ya zo jaje da wankakkiyar riga, ya tsaya inda ba caɓi.

"Allah ya kiyaye gaba, Inna. Ginin ƙasa ke nan."

Bayan damina Malama ta dawo, wai tana bibiya ko wasan ya canza halin mutane. Na ce ya canza ƙwarai, ba wanda bai koyi abu ba. Ta yi murmushi ta buɗe jaka za ta rubuta. Na kama hannunta na kai ta bayan murhu, inda na kafa zana a madadin katanga, masu wucewa na hango tukunyata ta tsakanin kara. Na ce ta zauna nan ta rubuta.